Sharhi: Wa ke zaɓar abin da kake fara gani idan ka buɗe wayarka?

A ranar 2 ga Oktoban 2025, wata kotu a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ta yanke hukunci a kan wani abu da mutum zai ɗauka bai isa a ɓata lokacin alƙali a kansa ba. Magana ce ta maɓalli guda a cikin manhajojin Facebook da Instagram.

Wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet mai suna Bits of Freedom ce ta maka kamfanin Meta a kotu. Kokenta shi ne, ko da mutum ya zaɓi ya riƙa ganin abubuwan da mutanen da yake bi suka wallafa bi da bi, na baya-bayan nan a sama, da zarar ya rufe manhajar ya sake buɗewa sai ta mayar da shi kan jerin da kamfanin ya tsara masa.

Kotun ta ce hakan ya saɓa wa dokar Tarayyar Turai. Ta umarci Meta ya bar wa mutum zaɓinsa ya zauna yadda ya saita shi, in ba haka ba ya biya tarar yuro 100,000 a kowace rana, har zuwa yuro miliyan 5. Lokacin saura ƙasa da wata guda a yi babban zaɓen ƙasar, wanda aka gudanar ranar 29 ga watan.

Ga kamfani irin Meta, yuro miliyan 5 kuɗin cefane ne. Abin da ya ba hukuncin nauyi shi ne tambayar da ya taso da ita, wadda ta shafe mu a Kano da Maraɗi kamar yadda ta shafi mutanen Amsterdam: a cikin dubban abubuwan da za a iya nuna maka yau, wa ya ce wannan ne zai zo farko, wancan kuma ba za ka taɓa ganinsa ba?

Ba gogewa ake yi ba, turawa baya ake yi

Duk lokacin da ake muhawara a kan shafukan sada zumunta a Najeriya, hankali yana tafiya ne kan gogewa da rufewa: an sauke rubutun wane, an rufe shafin wance. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Amma abin da ake gogewa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ake bari a wurin amma a binne shi.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san bambancin shagon bakin layi da na can ƙurya a saman bene. Dukansu a cikin kasuwa suke, babu wanda aka kora, kayansu ma wataƙila iri ɗaya ne. Amma ɗaya kafin azahar ya gaji da ciniki, ɗayan kuma sai wanda ya san shi ne zai hau ya same shi. Bambancin kawai shi ne, a Kwari kowa ya san wanda ke rabon shago da kuma kuɗin haya. A waya kuwa ana sake rabon ne a duk lokacin da ka ja allo da yatsa, kuma mai rabon lissafi ne da ake kira algoridim.

Ba haka abin ya faro ba. Lokacin da Twitter ya fara, abin da aka wallafa na ƙarshe shi ne a sama, shi ke nan. Sai a 2016 ne Twitter da Instagram suka koma tsarin zaɓar wa mutum abin da lissafi ya ce zai fi jan hankalinsa, abin da Facebook ya riga su yi da shekaru. TikTok ya zo ya ƙarasa aikin: a can ba sai ka bi kowa ba, manhajar ce ke kawo maka bidiyo tana auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowanne, ko ka maimaita, ko ka wuce da sauri.

A yi wa kamfanonin adalci, tacewar ba mugunta ba ce a karan kanta. Mai abokai 5,000 da ke cikin zauruka 40 ba zai iya karanta duk abin da aka rubuta ba ko da zai kwana a kai. Dole wani ya tace. Rigimar tana kan ma'aunin da ake tacewa da shi.

Farashin fushi

Shekaru da dama ma'aunin a ɓoye yake. Abin da ya fara buɗe shi sosai shi ne takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 kafin ta ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka ranar 5 ga Oktoban shekarar.

Takardun sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya fara ba alamomin nuna yanayi, wato ƙauna da dariya da mamaki da baƙin ciki da fushi, maki biyar-biyar, yayin da laik yake da maki ɗaya. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da wani babban sauyi da ya ce zai ƙarfafa hulɗa mai ma'ana tsakanin 'yan uwa da abokai. A ƙarƙashin sabon lissafin, doguwar amsa da wani ya zauna ya rubuta tana iya kai maki 30.

A takarda niyyar tana da kyau. Amma mai karatu ya tambayi kansa: yaushe ne rabon da ka zauna ka rubuta doguwar amsa saboda ka yarda da abin da aka faɗa? Idan ka yarda, laik za ka danna ka wuce, ko ka ce “Allah ya saka da alheri”. Doguwar amsa ta wanda aka taɓa ce. Wanda aka zagi garinsu, ko ɗariƙarsu, ko malaminsu, ko ɗan takararsu, shi ne zai rubuta sakin layi uku, ya dawo bayan awa ɗaya ya ga ko an mayar masa da martani.

Ma'aikatan kamfanin da kansu sun gano haka. A 2019 masu nazarin bayanansa sun tabbatar da cewa abubuwan da suka fi tara alamar fushi sun fi yawan ƙunsar ƙarya da cin mutunci da labarai marasa inganci. Wasu jam'iyyun siyasa a Turai sun kai kuka ga kamfanin cewa sauyin ya tilasta musu zafafa harshe. Wata jam'iyya a Foland ta ce a da abin da take wallafawa rabi yabo ne rabi suka, amma ta koma kashi 80 cikin 100 suka, domin shi ne kaɗai ke isa ga jama'a. Sai a Satumban 2020 Facebook ya mayar da makin alamar fushi sifili. An yi shekara uku ke nan ana ba fushi lada.

Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya bayyana wani ɓangare na nasa lissafin da kansa a ƙarshen Maris ɗin 2023, watanni bayan Elon Musk ya saye shi. Alƙaluman da suka fito a lokacin sun nuna cewa laik yana da nauyin rabin maki, sake yaɗawa maki ɗaya, amsa kuma maki 13.5. Idan mai rubutun ya dawo ya kula wanda ya amsa masa, nauyin ya kai maki 75. A ɗaya ɓangaren, kai ƙarar rubutu ga kamfanin yana rage maki 369, ɓoye shi ko toshe mai shi kuma yana rage 74.

A lura, na'urar ba zama take ta ƙirga waɗannan abubuwa kawai ba. Hasashe take yi: idan na nuna wa Malam wane wannan rubutu, mene ne yiwuwar zai amsa? Sai ta ninka hasashen da wancan nauyi. Kuma tabbas an yi ta sauya alƙaluman tun daga lokacin. Amma darasin da ke ciki bai sauya ba. A wancan ma'auni amsa ɗaya ta kai laik 27, kuma lissafin bai ware amsar da ta ce “Masha Allah” da wadda ta ce “Allah ya isa” ba.

Ma'ana, duk ranar da wani ya rubuta wata ɓatanci a kan Arewa, mutum 2,000 suka yi masa ca da raddi, su ne suka ɗauke shi a kafaɗa suka kai shi bakin layi. Wanda ya ɓoye rubutun ya yi shiru ya fi cutar da shi fiye da wanda ya kwana yana zagi. Na san wannan magana tana da wuyar haɗiya, domin a tarbiyyarmu yin shiru a gaban ɓarna kamar amincewa ne. Sai dai injin ba da tarbiyyarmu aka gina shi ba.

Da kuɗi ya shigo

A da, masu neman tayar da ƙura suna yi ne don suna. Yanzu sana'a ce.

Bayan Musk ya karɓi Twitter, shuɗin maki ya tashi daga shaidar cewa an tantance mutum ya koma abin saye da kuɗin wata-wata. Lissafin da aka bayyana a 2023 ya nuna ana ninka makin rubutun masu biyan kuɗin sau biyu zuwa huɗu. A Yulin shekarar kamfanin ya fara raba musu wani kaso na kuɗin talla. Shi ma Meta ya buɗe wa masu wallafa bidiyo a Najeriya ƙofar samun kuɗi a tsakiyar 2024, bayan ganawar da Nick Clegg, babban jami'in kamfanin a lokacin, ya yi da Shugaba Bola Tinubu a watan Maris.

Wannan alheri ne ga matasa da yawa. Akwai masu koyar da girki da ɗinki da gyaran waya da masu barkwanci mai tsafta da suke ci da kansu da iyayensu ta wannan hanya, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe musu ita. Amma tun da yawan kallo shi ne kuɗi, rigima kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta tara kallo, ba abin mamaki ba ne da muka wayi gari da faɗan ƙarya da aka shirya, da saki da kome na wasan kwaikwayo, da yanke daƙiƙa 30 daga karatun malami na awa biyu a liƙa masa taken da bai faɗa ba.

A Disamban 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar X yuro miliyan 120. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne shuɗin makin yana yaudarar jama'a, tun da kowa na iya saye ba tare da an tantance shi da gaske ba. Wani dalilin shi ne hana masu bincike samun bayanan da doka ta ce a ba su.

Wanda ya riga

Akwai wani gwaji da ya kamata duk mai cewa “ai jama'a ne suka so abin, shi ya sa ya yaɗu” ya sani.

A 2006 wasu masana uku a Jami'ar Columbia da ke Amurka, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, sun wallafa sakamakon wani bincike a mujallar Science. Sun tara waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a san su ba, suka gayyaci mutum sama da 14,000 su saurara su sauke wadda suka so. Wani rukuni ba a nuna masa komai game da zaɓin sauran ba. Ragowar an raba su gida takwas, kowane gida yana ganin adadin saukewar da aka yi a gidansa kawai.

Da a ce inganci ne kaɗai ke aiki, da waƙa ɗaya ce za ta yi zarra a duk gidajen. Ba haka aka gani ba. Waƙar da ta zama ta gaba-gaba a wannan gida sai ka same ta can ƙasa a wancan. Mafi kyawun waƙoƙin ba kasafai suke faɗuwa warwas ba, mafi munin kuma ba kasafai suke hayewa ba, amma duk na tsakiya sa'ar farko ce ke yanke musu hukunci. Da aka jera waƙoƙin daga mai farin jini zuwa ƙasa, sai tazarar ta ƙara faɗi.

To idan turawar farko ce ke yanke hukunci, ai ana iya sayen ta. Wannan shi ne ainihin aikin sojojin baka na zamani. Ba a ɗauke su don su gamsar da kai ba. An ɗauke su ne don a cikin mintunan farko su nuna wa injin cewa abu ya kama wuta, shi kuma ya ɗauka ya kai wa mutanen gaske. A Janairun 2023, ana gab da babban zaɓe, wani binciken BBC ya gano cewa jam'iyyun siyasa a Najeriya suna biyan masu ɗimbin mabiya a asirce don yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya, inda kuɗin kan kai naira miliyan 20.

Ƙasar da ta fi ɗanɗana wannan a baya-bayan nan ita ce Romaniya. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 24 ga Nuwamban 2024, Calin Georgescu, ɗan takara mai zaman kansa da ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna a baya can, ya zo na ɗaya da kusan kashi 23 cikin 100. Yaƙin neman zaɓensa kusan duk a TikTok aka yi shi. Takardun hukumomin leƙen asirin ƙasar da aka saki sun ce kimanin shafuka 25,000 ne suka farka lokaci guda makonni biyu kafin zaɓen suna tallata shi. Ranar 6 ga Disamba Kotun Tsarin Mulki ta soke zaɓen ɗungurungum, sannan Tarayyar Turai ta buɗe bincike a kan TikTok, wanda ya musanta cewa ya fifita wani ɗan takara.

Ko soke zaɓen daidai ne, wannan magana ce da har yau ake jayayya a kai, domin mutane na gaske ne suka fita suka jefa ƙuri'un, da yawansu kuma haushin tsadar rayuwa da tsofaffin jam'iyyu ne ya kai su. Amma wanda ke tunanin 2027 ya ajiye wannan a ransa: an kai matsayin da kotun ƙoli ta wata ƙasa ta rushe zaɓe saboda yadda wata manhaja ta jera bidiyo.

Inda jini ya zuba

Mu ba sai an ba mu labarin Turai ba. A Yunin 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook da sunan na rikicin ne, alhali wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. Wani binciken BBC Africa Eye da ya fito a Nuwamban shekarar ya ruwaito 'yan sandan jihar suna cewa hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya, wadda a cikinta aka tare hanya aka kashe matafiya 11. A lokacin, a cewar rahoton, mutum huɗu ne kacal ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci ga 'yan Najeriya miliyan 24 da ke amfani da shafin.

Takardun Haugen sun ƙara haske a kan dalili. Kashi 87 cikin 100 na abin da kamfanin ya ware wa aikin gano labaran ƙarya Amurka ce ke cinye shi, sauran duniya baki ɗaya ta raba 13.

A nan ne matsalar mai jin Hausa ta bambanta da ta Bature. Ɓangaren injin da ke haɓaka abu ba ya buƙatar jin yare, ƙirga tsayawa da amsa da turawa kawai yake yi, kuma yana yin haka daidai wa daida a Hausa da Ingilishi. Ɓangaren da ke gane cewa wannan magana tunzuri ce a rage mata gudu, shi ne ke buƙatar jin yare. Shi kuwa ina zai gane habaici da zambo da gugar zana? Ina zai gane rubutun da aka yi ba ƙugiya, aka gutsure kalmomi, aka cakuɗa da Larabci da Ingilishi, ko maganar da ke cikin sautin bidiyo da karin harshen Sakkwato? Mota ce mai lafiyayyen totur, birkinta kuma na wata ƙasa aka ƙera wa.

A Habasha an ga ƙarshen irin wannan. Ranar 3 ga Nuwamban 2021, a tsakiyar yaƙin Tigray, an harbe Farfesa Meareg Amare, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bahir Dar, a ƙofar gidansa, bayan an yi makonni ana yaɗa hotonsa da unguwarsa da zarge-zarge a kansa a Facebook. Ɗansa Abrham ya ce ya yi ta kai ƙara ga kamfanin ba a sauke ba sai bayan mutuwar mahaifinsa. A Disamban 2022 shi da wasu suka shigar da ƙara a Nairobi, kuma cikin abin da suke nema har da tilasta wa Meta sauya algoridim ɗinsa. A Afrilun 2025 Babbar Kotun Kenya ta ce tana da hurumin sauraron shari'ar. Wannan ita ce shari'ar da ya kamata lauyoyinmu su sa wa ido.

Amma kada a ɗora wa inji komai

Akwai hujjar da ke ja da duk abin da na faɗa a sama, kuma ba ƙarama ba ce.

A lokacin zaɓen Amurka na 2020, wasu masana tare da haɗin gwiwar Meta sun mayar da dubban masu amfani da Facebook da Instagram kan jerin bi da bi na tsawon wata uku. Sakamakon da aka wallafa a Science a 2023 ya nuna mutanen sun rage zama a manhajojin, amma sun ƙara cin karo da siyasa da kuma majiyoyi marasa tushe, kuma ra'ayinsu na siyasa bai sassauta ba. Daga baya wasu masanan sun soki binciken da cewa an yi shi ne a daidai lokacin da kamfanin ya kunna wasu matakan gaggawa na wucin gadi saboda zaɓe, don haka ba algoridim ɗin yau da kullum aka auna ba. Duk da haka, ya isa ya nuna cewa maɓallin da aka yi shari'a a kansa a Amsterdam ba maganin komai ba ne.

Ga kuma WhatsApp. A zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai babu lissafin da ke ɗaga wani saƙo sama da wani, amma a nan ne aka yaɗa maganar wanka da ruwan gishiri a lokacin Ebola a 2014, a nan ne kuma ake tura sautin “a yaɗa don Allah” ba tare da an san wanda ya yi shi ba. Abin da kamfanin ya iya yi shi ne taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda a Janairun 2019. Son abin mamaki da abin tsoro namu ne tun kafin a ƙera waya. Abin da injin ya ƙara shi ne gudu, da lada, da kuma zaɓar wanda ya fi saurin harzuƙa a kai masa.

Ana iya gina ma'aunin ta wata fuska. Tsarin Community Notes na X, wanda ya faro da sunan Birdwatch a Janairun 2021, ba ya nuna bayanin gyara don kawai ya samu ƙuri'u da yawa. Sai mutanen da suka saba saɓa wa juna sun haɗu sun ce bayanin yana da amfani. Dabara ce mai kyau, kamar a ce ba za a karɓi shaida ba sai ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan sun sa hannu. Matsalarta jinkiri, kafin a daidaita ƙarya ta gama zagaya gari, kuma tana buƙatar ɗimbin masu sa kai a kowane yare. Da Zuckerberg ya sanar ranar 7 ga Janairun 2025 cewa Meta zai daina aiki da masu tantance labarai a Amurka ya koma irin wannan tsari, harsuna shida aka fara da su, babu na Afirka ko ɗaya a ciki in ban da na Turawan mulkin mallaka. Idan wata rana aka faɗaɗa sauyin zuwa nan, sai a tambaya su wa za su rubuta gyaran da Hausa, kuma wa zai hana sojojin baka cika wurin.

Me Abuja za ta nema?

Abin da Najeriya ta gwada zuwa yanzu gatari ne. A Yunin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma daga baya Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Ƙa'idojin da NITDA ta fitar a 2022 sun fi mayar da hankali kan sauke abin da aka haramta da kuma yin rajista a ƙasar. Tarar dala miliyan 220 da hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci Meta a Yulin 2024 kuwa a kan bayanan sirri ne da danniyar kasuwa.

Turai ta bi wata hanyar. Dokarta ta ayyukan intanet, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a Agustan 2023, ta ce duk dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 a yankin dole ya bayyana manyan abubuwan da lissafinsa ke dubawa, ya ba mutum zaɓin jerin da ba a gina shi kan bibiyar halayensa ba, ya sanar da wanda aka rage wa rubutunsa tafiya tare da dalili, ya kuma buɗe wa masu bincike ƙofa. Tarar na iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Ba ta ce a ɗaga wane a danne wane ba.

China ma tana da dokar algoridim tun Maris ɗin 2022, kuma ita ma ta ba mutum damar kashe zaɓin da ake yi masa. Sai dai a cikinta an wajabta wa kamfanoni su riƙa ɗaga abin da ya dace da aƙidar hukuma. Wannan ita ce kwanar da nake tsoro. Duk ɗan majalisar da ya zo da ƙudirin “gyara soshiyal midiya” a shekarar zaɓe, a karanta a ga ko yana neman a buɗe ma'aunin kowa ya gani ne, ko kuwa yana neman a miƙa wa gwamnati shi. Danne ɗan jarida ta hanyar rage masa tafiya ya fi kama shi sauƙi, domin babu wanda zai yi zanga-zanga a kan rubutun da yake nan ba a goge ba, kawai dai ba wanda ya gani.

Abin da ya dace a nema ba shi da ƙyalli: kamfanonin su faɗi mutum nawa ke duba abin da ake wallafawa da Hausa da Fulfulde da Kanuri, su bar masana a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello su ga abin da ya fi yaɗuwa a makonnin zaɓe da kuma shafukan da suka fara tura shi, su kuma sanar da mutum idan an rage masa tafiya. Ko Najeriya ita kaɗai tana da nauyin da za ta tilasta wannan, abin dubawa ne, domin ƙarfin Turai kasuwarta ce mai mutum kusan miliyan 450 masu kuɗin kashewa. Wataƙila aiki ne na ECOWAS ko Tarayyar Afirka.

Kafin nan, maɓallin yana nan a wayarka. A X da TikTok sunansa Following, a Facebook yana cikin sashen Feeds, a Instagram kuma sai ka taɓa sunan manhajar a sama. A manhajojin Meta, idan ka rufe ka dawo za ka tarar an mayar da kai inda kamfanin yake so. Hukuncin Amsterdam bai shafi kowa ba sai mazauna Holan, kuma a lokacin da aka yanke shi a 2025 Meta ya ce zai ɗaukaka ƙara.